Da Wane Harshe Yaro Zai Fara Karatu: Na Gida Ko Turanci?

A ƙarshen watan Nuwamban 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyar da yaran firamare da harshen uwa tun daga aji ɗaya har aji shida. Shekara uku bayan haka, a Nuwamban 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya tsaya a wani taro a Abuja ya ce an soke wannan tsari, daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga rabin aji har jami'a. Hujjar da ya bayar ita ce, yankunan da suka fi rungumar harshen gida su ne suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

A wannan tsakanin, maƙwabta sun kama wata hanyar daban. A Oktoban 2025 Ministan Ilimin Ghana, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin a koyar da ƙananan yara da harsunan gida. Nijar kuwa, wadda tun 1973 take gwada makarantu masu koyarwa da harsunan ƙasa, a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Wannan ja-in-ja bai tsaya a ofisoshin ministoci ba. Ya raba kan malamai a ɗakin hutunsu, ya raba kan iyaye a majalisar ƙofar gida, kuma kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba ta yarwa ba ce. Tun da makomar yara ake magana, ya kamata a saurari kowa har ya dire.

Abin da kowa ya yarda da shi

Babu mai musun cewa yaranmu ba sa karatu yadda ya kamata. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 27 cikin 100 kaɗai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ne ke iya karanta gajeren labari su amsa tambayoyi a kansa. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su gane abin da yake cewa.

Masana sun daɗe da fayyace abin da ake nufi da iya karatu. Tun a 1986 Philip Gough da William Tunmer suka nuna cewa abu biyu ne ke haɗuwa su haifar da fahimta. Na farko shi ne haɗa baƙi, wato yaro ya ga haruffa ya mayar da su sauti, sautin ya zama kalma. Na biyu shi ne sanin harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya ya ɓace, fahimta ta ɓace gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa leƙa aji uku a makarantar gwamnati ta ƙauye ya san yadda abin yake. Malama ta rubuta jimlar Turanci a allo mai cewa akuya ta shiga gonar wani manomi ta cinye masa wake. Tana nuna kalma da sanda tana faɗa, yara saba'in ko tamanin suna amsawa da murya ɗaya har ana jiyo su daga bakin hanya. A maimaita sau biyar, a maimaita sau goma. Sai ta juyo ta ce, "To yara, wa ya shiga gonar?" Ajin ya yi tsit. Masu ƙarfin hali su sake rera jimlar daga farko. Da ta gaji ta fassara da Hausa, nan take hannuwa su tashi sama, wannan ya ce a ɗaure akuyar, waccan ta ce a kai ƙara wurin mai unguwa, wani ya ce sai mai akuya ya biya waken. Tunani yana nan a kan yaran, harshe ne ya tare shi.

Duk ɓangarorin biyu wannan ajin suke kallo. Ɗaya ya ce maganinsa a koyar da Hausa, ɗayan ya ce maganinsa a ƙara Turanci tun da wuri.

Abin da magoya bayan harshen gida ke cewa

Suka ce yaro ɗan shekara shida ba da hannu rabbana yake zuwa makaranta ba. Yana zuwa da dubban kalmomi, ya san tatsuniya da kacici-kacici, ana aikensa shago ya ƙirga canji, yana iya kare kansa in an ɗora masa laifi. Rabin aikin karatu, wato sanin harshe, an riga an yi shi a gida kyauta. Abin da ya rage wa malami shi ne ya koya masa haɗa baƙi. In aka fara da Turanci, an zubar da wannan jarin, an kuma ɗora wa yaron kaya biyu lokaci guda: ya koyi sabon harshe, ya kuma koyi karatu a cikin harshen da bai riga ya ji ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Suka ƙara da cewa rubutun Hausa na boko yana da sauƙin kamawa, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi. Yaron da ya san b da k da z da wasalin a, a ranar zai karanta baba da kaka da kaza, kuma da ya furta ya san abin da ya karanta. Wannan ɗan daɗin na ganewa shi ke sa yaro ya nemi ƙari. Turanci kuwa harafi ɗaya yana ɗaukar sautuka daban-daban, wasu haruffan ma a rubuta su ba a furta su. Wani bincike da aka wallafa a 2003, wanda ya kwatanta 'yan ajin farko a harsunan Turai 13, ya gano cewa yaran Finlan da Italiya da Sifaniya da Girka suna karanta kusan duk kalmomin da aka ba su kafin shekarar farko ta ƙare, amma masu koyo da Turanci, waɗanda shi ne harshen uwarsu, sai sun ninka wannan lokacin ko fiye. In ɗan Bature yana shan wannan wahalar da harshensa, ina ga ɗan Bichi ko ɗan Gwadabawa?

Akwai kuma batun yawan kalmomi. Masu nazarin koyon harshe sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Yaron da ba ya jin Turanci a gida, ba ya jin sa a unguwa, ba zai kai ko kusa da wannan ba a shekarunsa na farko.

Babbar shaidarsu a cikin gida take. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a wata firamare da ke Modakeke, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu makarantu. Aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, aka bar wasu a kan tsarin da aka saba. Sakamakon ya nuna 'yan ajin Yarbanci ba su gaza ba, a darussa da dama sun yi gaba, kuma Turancinsu bai kasa na takwarorinsu ba. A Afirka ta Kudu ma, Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun bi diddigin dubban makarantu, suka wallafa a 2016 cewa yaran da aka koyar da harshen gida a aji ɗaya zuwa uku sun fi ƙwarewa a Turanci da suka kai aji huɗu zuwa shida. Karatu, in ji su, sau ɗaya ake koyonsa, daga nan sai ya bi yaro zuwa kowane harshe.

Martanin masu goyon bayan Turanci

Waɗannan suka ce mu sauko ƙasa mu dubi inda muke zaune. Da Turanci ake rubuta jarrabawar shiga sakandare, da shi ake WAEC da JAMB, da shi ake karatun likita da lauya da injiniya, da shi ake neman aiki, da shi aka rubuta mafi yawan abin da yaro zai tarar a intanet. Duk shekarar da aka jinkirta masa Turanci, an rage masa lokacin shiri ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjarsu mafi zafi ta adalci ce. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, kafin ya gama aji biyu yana hira da Turanci. In aka ce makarantar gwamnati ta tsaya kan Hausa, ɗan talaka kaɗai dokar za ta kama, tun da masu tsara dokar ba a can 'ya'yansu suke ba. Ranar jarrabawa kuwa takarda ɗaya za a miƙa wa yaran biyu. Abin da iyaye ke so ma a fili yake. Mai kayan miya da ɗan acaɓa da mai wankin hula suna matse bakin aljihu su kai yaro ƙaramar makarantar kuɗi ta cikin lungu, mai ɗaki uku da rufin kwano, don kawai ya dawo gida yana jefa kalmomin Turanci. Suka ce waɗannan iyayen ba jahilai ba ne, sun ga wanda ake ɗauka aiki da wanda ake bari a bakin ƙofa.

Sannan suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin yaro ya fi babba saurin ɗaukar lafazi, ba ya jin kunyar kuskure. Suka kawo misali da abin da kowane Bahaushe ya sani: yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ake kai wa makarantar allo, ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, cikin Larabcin da ba a yi da shi a gidansu, kuma babu wanda ya taɓa cewa a jira sai ya iya karatun Hausa. Da wannan farawar da wuri ƙasar Hausa ta yi suna da mahaddata.

Suka kuma yi gargaɗi game da ranar sauyi. A Tanzaniya ana koyar da firamaren gwamnati da Swahili, a shiga sakandare a koma Turanci, kuma an daɗe ana kuka da yadda ɗalibai ke tuntuɓe a wannan gaɓar. A arewa maso yammacin Kamaru an fara wani gwaji da harshen Kom a 2007. Yaran sun yi wa takwarorinsu fintinkau a azuzuwa ukun farko, amma da aka koma Turanci, tazarar ta ragu ƙwarai kafin a gama firamare. Suka nuna Singafo a ɗaya gefen, inda aka mayar da Turanci harshen koyarwa, harsunan gida suka zama darasi, ga shi ɗalibanta suna sahun gaba a gwaje-gwajen duniya.

Amsar magoya bayan harshen gida

Suka ce kwatanta ɗan makarantar kuɗi mai tsada da ɗan makarantar ƙauye rashin adalci ne. Wancan yana aji mai yara ashirin da biyar, yana da littafinsa, a gida akwai talabijin da iyaye masu jin Turanci, harshen yana kewaye da shi safe da yamma. Wannan kuwa malaminsa ne kaɗai tushen Turancinsa. To, malamin fa? A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi wannan gwajin, ya nuna akwai matsala. In aka tilasta wa malamin da Turancinsa ke rawa ya koyar da komai da shi, abin da zai biyo baya shi ne kwafe daga allo da haddar da babu ma'ana, domin ba zai iya bayani ba, yaran kuma ba za su iya tambaya ba.

Game da makarantar allo, suka ce misalin nasu ne. Allo yana koyar da haɗa baƙi da kyakkyawan lafazi da hadda. Fahimta kuwa a zaure ake samunta, inda malam zai buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ɗalibi ya ja baƙi, malam ya bi shi kalma bayan kalma yana fassarawa da Hausa. Magabatanmu sun gane cewa ma'ana ta harshen da mutum yake ji take shiga.

Suka tuna da tarihin boko a Arewa. Da Hausa ake koyarwa a elementare, Turanci yana shigowa daga baya, ya yi ƙarfi a midil. Domin waɗannan makarantu aka rubuta littattafai irin su Ka Koyi Karatu, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wanda ya fara fitowa a 1937. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya, a shekarun 1950 kuma Yaƙi da Jahilci ya koyar da ɗimbin manya karatu da Hausa. Daga wannan tsarin na elementare da midil aka samu mutane irin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Kamaru kuwa, a ganinsu darasin da ke ciki daban ne. Jim Cummins na Kanada ya nuna cewa yaro na iya kama Turancin hira cikin shekara biyu, amma Turancin da ake karatu da shi yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai, ko da a ƙasar da ake jin sa ko'ina. Saboda haka shekara uku sun yi kaɗan, an yi saurin sauyi ne. Habasha ta ba jihohinta damar koyarwa da harsunansu tun 1994, kuma nazarin da aka yi ya nuna yankunan da suka kai har aji takwas da harshen gida sun fi yin abin kirki a gwajin ƙasa.

Kuma ba daga kan komai za a fara ba. A shekarun baya-bayan nan an samar da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an gudanar da shirin RANA a Katsina da Zamfara, an horar da dubban malamai kan koyar da sautin haruffa da gaɓoɓi da karanta labari da Hausa. Kayan aikin suna nan.

Martani na biyu daga masu goyon bayan Turanci

Suka ce duk wannan bayani yana da daɗin ji in ƙasar Hausa zalla ake magana. Amma Najeriya tana da harsuna sama da 500. A aji guda a Sabon Garin Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko barikin soja, za a iya samun yara masu harsuna goma. Wanne ne harshen uwa a nan? In an ce a ɗauki harshen da ya fi yawo a yankin, a mafi yawan Arewa Hausa ke nan. To, ɗan Bajju ko Atyap a kudancin Kaduna, da ɗan Sayawa a Bogoro, da ɗan Bachama a Numan, da ɗan Fulanin ruga, an raba su da Turanci an miƙa su ga wani harshen da shi ma ba na uwarsu ba ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙabilu da yawa suna ganin Hausa ce ke cinye harsunansu a yau, kuma za su fi amincewa da Turanci, wanda ba na kowa ba ne a cikinmu, a kan a ɗora musu harshen maƙwabci da sunan doka. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma bai kamata Bahaushe ya yi kunnen uwar shegu da ita ba.

Sai batun kuɗi da kayan aiki. Harsuna ƙalilan ne ke da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, waɗanda ke da littafin lissafi da kimiyya na aji biyar sun fi haka ƙaranci. Shi kansa Malam Adamu Adamu ya faɗa a ranar sanarwar cewa aiwatarwa za ta jira samar da littattafai da malamai. Ƙasar da ta kasa sa littafi ɗaya a hannun kowane yaro da harshe ɗaya, yaya za ta yi da harsuna hamsin? Suka kawo Filifin, wadda ta fara koyarwa da harshen uwa a 2012, ta zaɓi harsuna 19 daga cikin fiye da ɗari, ta yi ta fama da ƙarancin littattafai da azuzuwa masu gaurayen harsuna, har a 2024 aka yi dokar da ta janye tilascin. Ruwanda ma a 2019 ta koma Turanci tun daga aji ɗaya, alhali kusan duk 'yan ƙasar harshe ɗaya suke yi.

Elementaren da kuwa, suka ce yara ƙalilan ne, zaɓaɓɓu, a hannun malaman da aka horar sosai ana kuma duba aikinsu. Ba a gwada ta da makarantar yau mai yara ɗari a ƙasan siminti. Kuma jin Hausa daban, iya koyar da karatu da ita daban. Malamai nawa ne a yau za su rubuta sakin layi guda da Hausa ba su haɗe kalmomin da ake rabawa ba, ba su manta ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ ba?

Tace hujjoji

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, wasu sun fi wasu nauyi. A tambayar da ta shafi yadda yaro ke fara karatu ya fahimta, rinjaye yana wajen harshen da yaron yake ji. Shaidun sun fito daga wurare daban-daban, sun kuma dace da abin da aka sani game da yadda fahimta ke samuwa. Maganar cewa ƙarami ya fi saurin kama harshe gaskiya ce in harshen yana kewaye da shi. Binciken da Carmen Muñoz ta jagoranta a Basalona ya nuna cewa inda a aji kaɗai ake jin harshen, waɗanda suka fara da ɗan girma sun fi saurin ci gaba. Yaron Singafo yana jin Turanci a titi da kanti da gida, yaron ƙauyenmu ba ya ji.

Hujjar faɗuwa jarrabawa da Minista Alausa ya bayar ma tana da rauni. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan sanarwar 2022 bai wuce aji uku ko huɗu ba lokacin da aka soke ta, don haka babu ɗan wannan tsarin da ya zauna WAEC. In kuma tsohuwar Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ake nufi, wadda ta ce a koyar da harshen gida a shekarun farko, ita ma a takarda ta fi zama. Abin da ke gudana a yawancin azuzuwa gauraye ne: rubutu a allo da Turanci, bayani da Hausa, ba a koyar da karatu bisa tsari da ko ɗaya daga cikinsu. Yankunan da ke faɗuwa kuma su ne masu fama da talauci da cunkoso da ƙarancin malamai da rashin tsaro, ba za a ware harshe a ɗora masa laifin duka ba.

Amma ɗaya ɓangaren ma ba a bar shi haka ba. Gwajin Ife ya samu kulawar jami'a da sababbin littattafai da ƙwararrun malaman Turanci, gatan da makarantar gama-gari ba ta da shi. Shirye-shiryen Hausa na Bauchi da Sakkwato sun kawo ci gaba, amma yara da yawa ba su kai ga karanta labari su fahimta ba, kuma da tallafin waje aka yi su. Sauya harshe kaɗai ba ya koyar da karatu. Matsalar ranar sauyi gaskiya ce, tambayar azuzuwa masu gaurayen harsuna kuma har yau ba a ba ta gamsasshiyar amsa ba. Damuwar iyaye game da Turanci ma tana kan hanya, duk tsarin da ya raina ta iyaye za su guje masa.

Wani abin lura shi ne, abubuwan da tsarin biyu ke buƙata iri ɗaya ne: malamin da aka koya wa yadda ake koyar da karatu, littafi a hannun kowane yaro, lokacin karatu kullum, ajin da malami zai iya zagayawa ya saurari kowane yaro shi kaɗai, da manya masu yi wa yara hira da labari a gida. Inda babu waɗannan, kowane harshe aka zaɓa hadda za a koma.

Inda maganar ta tsaya

A nawa ganin, a garuruwa da ƙauyukan da kusan duk yaran aji harshe ɗaya suke ji, kuma harshen yana da littattafai, hana su fara karatu da shi asara ce da ba ta da dalili. Sai dai a haɗa da Turancin baka tun ranar farko, a hannun malamin da ya iya shi, a riƙa ƙara masa lokaci shekara bayan shekara, kada ya faɗo wa yaro kwatsam a aji huɗu. Wannan ba ya rage wa Turanci komai, hanya ce ta isa gare shi.

Abin da ya rage a buɗe yana da yawa. A wane aji za a sauya, na huɗu ko na bakwai? Me za a yi da ajin Sabon Gari? Wa zai zaɓa wa ƙananan ƙabilu, gwamnati ko iyayen yaran? Doka ɗaya daga Abuja, ko ta 2022 ko ta 2025, ba za ta dace da Daura da Numan da Ajegunle a lokaci guda ba. Tun da tsarin mulki ya ba jihohi hannu a harkar ilimi, suna da damar gwada hanyoyin biyu da gaske, da malamai da littattafai iri ɗaya, su auna yara a ƙarshen aji uku da aji shida, su bayyana wa iyaye sakamakon. Ma'aunin kuwa ɗaya ne ga kowa: a miƙa wa yaro shafin da bai taɓa gani ba, ya karanta, ya faɗi abin da ya gane da bakinsa. Duk ɓangaren da ya amince da hujjarsa, bai kamata ya ji tsoron wannan gwajin ba.